Ciwon Asma a Makaranta

In watan Disamba ya kama, wanda ya tsaya a Kazaure ya dubi duwatsun da ke gefen gari, sau da yawa ba ya ganinsu sosai saboda hazo. Iskar hunturu ce ta ke kwaso wannan ƙura tun daga hamadar ƙasar Cadi, ta ratso Nijar, ta shigo ta wajen Babura, ta lulluɓe Roni da Gwiwa. Yawancinmu abin da ta kan jawo mana bai wuce kaushi da mura ba. Amma akwai yaran da wannan lokaci ya ke yi wa tsanani ƙwarai, watau masu ciwon asma.

In mutum ya ja numfashi, iska ta kan bi maƙogwaro ta shiga huhu ta waɗansu ƙananan hanyoyi masu rassa kamar na itace. To, hanyoyin mai asma ba su da haƙuri. Da ƙura ko hayaƙi ko sanyi sun taɓa su sai su kumbura, majina ta taru, su tsuke kamar bakin jakar da aka ja zarenta. Sa'an nan ka ji yaro yana tari, ƙirjinsa yana fito, yana neman iska kamar wanda ya yi gudu, alhali kuwa a zaune ya ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da wannan ciwo.

Waɗansu yara su kan guji zama benci ɗaya da mai asma, suna tsammani tarin fuka ne. Ba haka ba ne. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana kuwa ɗaukarsa. Asma ba a ɗaukarta, ko da kun ci tuwo kwano ɗaya.

Taimakon farko da za ku yi wa irin wannan yaro yana wajen shara. A yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, kada kuma monita ya ba shi sharar aji, ko goge allo, ko ƙona juji. Ba lalaci ya ke yi ba. A ba shi rabon littattafai, ai shi ma aiki ne.

Ran da ciwon ya tashi a aji fa? Ɗaya ya ruga ya kira malam. Sauran su ja da baya, gama taron 'yan kallo ba ya ƙara masa kome sai tsoro. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a sassauta masa wuyan riga. Kada a kwara masa ruwa, kada kuma a yi masa turare ko hayaƙi wai don a kori iska, hayaƙin nan shi zai ƙara shaƙe shi. Abin da ya ke bukata shi ne ɗan maganin shaƙar nan da likita ya ba shi, mafi yawa mai shuɗin launi. Shi ke buɗe hanyoyin cikin 'yan mintoci. Don haka wurin ajiyarsa aljihun yaro ne ko jakarsa, ba akwatin ofis da aka kulle aka tafi da mabuɗi ba. In ya shaƙa bai sami sauƙi ba, ko ya kasa yin magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, sai asibiti nan da nan, a kuma aika wa iyayensa.

Abin mamaki, wata yarinya ce mai asma, 'yar shekara 13 a Amurka, ta jawo aka ƙera abin shaƙar nan. Ta tambayi mahaifinta, shugaban wani kamfanin magani, don me ba za a sa maganinta cikin gwangwanin feshi kamar na gyaran gashi ba. A 1956 aka fara sayar da shi.

Wasa kuwa, kada ku hana shi. Mai asma yana buga ƙwallo, yana yin langa, in dai maganinsa na kusa. Ran da hazo ya yi yawa ne kaɗai ya kamata malam ya bar shi ya huta a aji.