Darasi na 23: Motar wasa mai manyan tayoyi

Akara ita ce babban birnin ƙasar Gana. A cikin birnin akwai unguwanni da ake kira zango, kamar Nima da Mamobi. Ana jin Hausa sosai a can, a kasuwa da wurin wasa. Ana cewa ma sunan unguwar Adabraka daga kalmar « albarka » ya fito.

Yaran zango gwanaye ne wajen ƙera motar wasa. Sukan tsinto gwangwanin madara, su farke shi, su bubbuge shi da dutse har ya miƙe. Da shi ake yin jikin mota. Taya kuwa, tsohon silifa ake yankawa a kewaye. Sai a ɗaura doguwar waya a gaba, a lanƙwasa kanta kamar sitiyari. Yaro na tafe, motarsa na gabansa.

Akwai wata motar wasa da ba ta buƙatar waya ko igiya. Daga nesa ake tuƙa ta. Mafi ban sha'awa ita ce mai manyan tayoyi. Asalinta daga Amurka ne. Wani mutum mai suna Bob Chandler ya sa wa a-kori-kurarsa manyan tayoyi, ya raɗa mata suna Bigfoot, wato « babbar ƙafa ». A shekarar 1981 ya hau da ita kan tsofaffin motoci, ya murƙushe su. Tayar irin wannan mota ta kai santimita 168. Ta fi ɗan makaranta tsawo! A 1987 kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fito da ƙaramarta, mai suna Clod Buster. Girmanta kashi ɗaya ne cikin goma.

Motar ba ta zuwa a haɗe. A cikin kwali take zuwa, gutsu-gutsu, tare da takarda mai zane. Mai haɗawa yakan shimfiɗa tabarma, ya zuba ƙananan kusoshi a cikin kwano don kada su ɓace a ƙasa. Yana bin zanen daki-daki. Mai gaggawa, sau biyu yake yin aikin.

Abin da ya fi wuya shi ne giya. Giya faifai ne mai haƙora. Ƙaramin inji yana juyawa da sauri ƙwarai, amma ba shi da ƙarfin tura babbar taya. Don haka ake haɗa ƙaramin faifai da babba. In ƙaramin yana da haƙora 10, babban yana da 50, sai ƙaramin ya juya sau 5 kafin babban ya juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru wajen ninki biyar. Shi ya sa motar take hawa kan dutse ba ta tsaya ba.

To, yaya mota take jin umarni daga nesa? Na'urar da ke hannun direba tana aika saƙo ta iska, kamar yadda gidan rediyo yake aiko labarai. A cikin motar akwai ƴar ƙaramar rediyo mai karɓar saƙon. Ita ce take gaya wa inji ya tafi ko ya tsaya, take juya tayoyi dama ko hagu. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1898 Nikola Tesla ya tuƙa ɗan jirgin ruwa ta wannan hanya a birnin Niyok. A da, in motoci biyu suna kan zangon rediyo ɗaya, sai saƙonni su cakuɗe, motar wani ta bi umarnin wani. Na'urorin yanzu kowace tana gane motarta.

Sabuwar mota tana da tsada. Amma yaron da ya samu tsohuwa a cikin kayan gwanjo yana iya gyara ta. Zai iya cire fasasshen jikinta, ya ƙera sabo da gwangwani, ya shafa masa fenti kamar torotoro, motar haya ta Akara. Sai dai in ya ƙara girman taya bai canja giya ba, inji zai yi zafi, ya ƙone. In ya juya wayoyin inji, motar da baya za ta tafi.

Batir shi ne abin tsoro. Jar waya da baƙa ba sa haɗuwa kai da kai, don wuta tana iya tashi. Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a jefa shi a murhu, ba a barin ƙanne su yi wasa da shi. A kai shi wurin babba.

Tambayoyi

1. Da me yaran zango suke yin tayar mota?
2. Ƙaramin faifai yana da haƙora 12, babba yana da 48. Sau nawa ƙaramin zai juya kafin babban ya juya sau ɗaya?
3. Me zai faru in an ƙara girman taya ba a canja giya ba?
4. Ku zana motar da kuke so ku ƙera, ku rubuta sunayen sassanta da Hausa da Faransanci.