Gidajen dutse na Alberobello

A kudancin ƙasar Italiya akwai wani ƙaramin gari, sunansa Alberobello. Baƙon da ya hango shi daga nesa sai ya ce rumbuna ne aka jera bisa tudu. To, gidajen mutane ne. Ana ce musu turulli, kuma sun fi 1500 a garin.

Ƙasar wurin cike take da duwatsu. Manoman dā, in za su gyara gona, sai sun tsince su. Da waɗannan duwatsu suka gina ɗakunansu, ba laka, ba siminti. Dutse ne ke riƙe da dutse. Bangon yana da kauri ƙwarai, shi ya sa ɗakin ke da sanyi lokacin zafi.

Rufin ne abin kallo. Magini yakan jera duwatsu bisa bango, su yi zobe. Sai ya aza wani zobe wanda ya ɗan shigo ciki, ya aza wani kuma. Haka yake yi har bakin ya tsuke, ya toshe shi da dutse guda. Babu itace ko ɗaya da ke tallafe da shi. Daga waje sai a lulluɓe da faffaɗan duwatsu, kowane ya hau na ƙasa da shi, don kada ruwa ya shiga. Ruwan sama yakan gangara ya taru cikin rijiya a ƙarƙashin gida. Kowane ɗaki da nasa rufi. Mai son sanin yawan ɗakunan gida, sai ya ƙirga tsinin rufinsa.

Ana ba da labari, wai masu mulkin wurin ne suka hana gini da laka, don in masu karɓar haraji na tafe, a rushe ɗakunan maza-maza, a ce ba gari a nan.

A shekarar 1996 hukumar UNESCO ta sa turulli cikin kayan tarihi na duniya. Mai gida ba ya rushe nasa ko ya sāke masa kama sai da izinin hukuma. In rufi ya fara yoyo, sai a nemo maginin da ya iya jera dutse irin na dā. Irin waɗannan magina kuwa ba su da yawa.

Tambayoyi
1. Da me ake gina turulli?
2. Ina ruwan sama yake taruwa?
3. A garinku, wane gini ne ya fi tsufa? Wa ke gyara shi?