Sukudireba: wane iri ya kamata mai kiwon kaji da kifi ya saya?



Darasin yau ba na abinci ba ne, ba na rigakafi ba ne, na ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ba a saka shi a lissafin jari: sukudireba. Mutum zai lissafa kuɗin 'yan tsaki, buhunan abinci, tamfol na kifi, injin ƙyanƙyasa da janareta, amma abin da zai kwance su da shi ranar da suka tsaya, sai ya ce ai zai ara a maƙwabta. To injin ƙyanƙyasa yana buƙatar zafi kusan digiri 37.5 na tsawon kwana 21. Idan fankar cikinsa ta tsaya ƙarfe biyu na dare, ko waya ta saki a jikin na'urar daidaita zafi, wa za ka tayar? Haka famfon da ke canza wa tarwaɗa ruwa. Gyaran minti biyar ne, amma rashin abin kwancewa zai iya mayar da shi asarar ƙwai tire guda.

Kar ka sayi akwatin nan mai guda talatin

Kun san shi, mai murfin roba mai sheƙi, kala-kala, da araha kamar kyauta. Rabin abin da ke ciki ba za ka taɓa amfani da shi ba, sauran kuma ƙarfen nasu laushi gare shi. Bakin zai murɗe a kan sukuru na farko mai tauri, kuma ba nan matsalar ta tsaya ba: lalataccen baki yana cinye kan sukurun, ya mayar da shi rami. Daga nan sai an kai wa mai walda ko a huda da injin huji. Kuɗin da ka ce ka rage ya tafi har da riba.

Kafin ka je kasuwa, zagaya gonarka ka duba kawunan sukurun da ke jikin kayanka. Yawanci abin da za ka samu bai wuce iri biyu ba: mai tsaga ɗaya, wanda makanikai ke kira filat, da mai gicciye, wato sita. Guda biyar ko shida sun ishe ka:

• Sita mai lamba PH2. Shi ne uban tafiya, yawancin sukurun katako, murfin janareta da akwatin wuta nasa ne. In guda ɗaya kawai za ka kashe wa kuɗi sosai, to wannan ne.
• Sita PH1, na fanka da ƙananan sassan injin ƙyanƙyasa.
• Filat siriri mai faɗin baki milimita 3, na ƙananan sukurun da ke danne waya.
• Filat mai milimita 6, na kilif ɗin da ke matse tiyo a bakin famfo.
• Gajere ɗan dugul, sita PH2, don lungun da dogo ba zai shiga ba.
• Tasta, na gwada wuta.

Yadda za ka gwada a gaban mai shago

Nan ne ainihin darasin. Kwance sukuru ɗaya daga gida ka saka a aljihu. A shago ka ɗora shi a bakin sukudireban ka ji yadda ya zauna. In ya shiga daram ba ya girgiza, girman ya dace kuma an yanka bakin da kyau. In yana rawa, ajiye shi ko da wane suna aka rubuta a jiki. Sau da yawa sukurun da suka lalace a gonaki ba tsatsa ce ta kashe su ba, an sa musu PH1 ne a inda PH2 ya kamata.

Sai ka duba jikin ƙarfen. Masu kyau ana buga musu Cr-V, alamar ƙarfen da aka haɗa da kuromiyom da banadiyom, ko kuma S2, wanda ya fi tauri kuma an fi samunsa a kawunan da ake cirewa a sauya. Amma fa rubutu ba shaida ba ne, masu jabu ma sun iya rubutu. Na kirki sau da yawa bakinsa baƙi ne, an bar shi ba shafen sheƙi domin ya kama sukuru kada ya zame. Kankare baƙin da makullin babur ɗinka. In fenti ne zai fita nan take.

Riƙe marikin da hannu ɗaya, ka danne ƙarfen da filaya, ka murɗa. In ka ji ƙarfen yana motsi a cikin mariki, ba zai kai damina ba. Ka zaɓi mariki mai kauri mai roba a jiki, domin hannun mai kifi kullum a jiƙe yake. Mai ɓangarori ya fi zagayayye, ba ya gangarawa ya faɗa cikin kududdufi.

A ganina, baki mai maganaɗisu dole ne a ɗakin kaji. Kaza tana son abu mai ƙyalli. Sukuru ya faɗi cikin dusar katako, kafin ka sunkuya wata ta haɗiye, kuma zai iya huda mata ƙundu.

Game da suna: Stanley, Ingco da Total ana samunsu a kasuwanninmu, irin su Sabon Gari a Kano. Duk sunan da ya yi kasuwa kuwa ana yi masa jabu, don haka gwajin nan na sama ya fi tambarin muhimmanci. Kar kuma ka raina na hannu. A wuraren 'yan gwangwan da masu tsofaffin kayan aiki, kamar Panteka a Kaduna, ana tsintar tsofaffin ƙarafa masu kyau. Baki kawai za ka duba: in gefunansa suna da kaifi ba su ci ba, ɗauka.

Gicciye ba duka ɗaya ba ne

Wannan mutane da yawa ba su sani ba. Akwai sukuru mai gicciye wanda ke da wasu 'yan siraran layuka huɗu a tsakanin manyan tsagun. Sunansa Pozidriv, lambarsa PZ, ana yawan ganinsa a kayan wuta da na katako 'yan Turai. Sita na PH zai shiga amma zai riƙa tsalle. Akwai kuma na Japan, wanda ke jikin injinan Honda da Yamaha, galibi da ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Shi ya sa sukurun kabureta ke saurin cinyewa a hannun wanda bai saba ba. In ba ka da nasu, ka sa sabon PH2, ka danna da ƙarfi sosai kafin ka juya. Dannawa ta fi juyawa yawa.

Maganar wuta

Ruwa da lantarki suna zaune wuri ɗaya a gonar kifi, kuma wutarmu ta kai bolt 230. Wanda aka yi don aikin wuta an lulluɓe ƙarfensa da roba har kusa da baki, an rubuta 1000V a jiki. In za ka iya, filat siririn nan da PH1 ka saye su a wannan nau'in. Mai murfin ƙarfe a ƙeya, wanda ake buga wa guduma, kar ya kusanci waya ko kaɗan, domin ƙarfen ya ratsa marikin har tafin hannunka. Tasta kuma ba na ɗaure sukuru mai tauri ba ne, kuma hasken cikinsa ba ya ganuwa sosai a rana. Kashe wutar daga tushe, cire fulogi, busar da hannu, sannan ka taɓa.

Ajiya

Kar ka rataye su a cikin ɗakin kaji. Warin nan mai yaji da ke tashi daga kashin kaji amoniya ce, ita da danshi suna saurin jawo tsatsa. Ka goge, ka shafa ɗan baƙin mai ko man keken ɗinki, ka ajiye a sito. Kar ka mayar da shi kurfi ko abin ɓalle murfin fenti, tsohon da ya mutu ya isa wannan aikin.

Sai batun aro. Kayan aikin da ke yawo daga gona zuwa gona suna ɗaukar cuta kamar yadda takalmi ke ɗauka, kuma ƙwayar Gumboro tana daɗewa a jikin kaya ba ta mutu ba. In maƙwabci ya ara ya dawo da shi, ka wanke da maganin da kake feshin ɗaki da shi, ka shanya ya bushe sarai, ka shafa mai, sannan ya shiga wajen 'yan tsakinka.