Yadda Ake Samar da Antibodin da Ke Gano Furotin na Ƙwaƙwalwa

Duk wanda aka taɓa soke wa yatsa a wani kemis na Sabon Gari ko Fagge a Kano don gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ga aikin antibodi da idonsa. Layin nan da ke fitowa a jikin 'yar robar gwajin, antibodi ne ya cafke furotin na ƙwayar cutar. Jiki ne ke ƙera shi don kama baƙon abu, kuma kowanne da abin da ya sani, kamar makulli da kwaɗonsa.

Da wannan dabara masu bincike ke farautar wani furotin mai suna DCX, wanda aka gano a 1998. Shi ke taimaka wa sababbin ƙwayoyin jijiya su yi ƙaura zuwa mazauninsu tun jariri na ciki. Idan ya samu matsala, akan haifi yaro da ƙwaƙwalwa sumul babu lanƙwasa, ga farfaɗiya. Hanyar haɗa antibodin kuwa, Georges Köhler da César Milstein suka fito da ita a Kambirij ta Ingila a 1975, har ta kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1984.

Da farko a tace furotin ɗin tas, a yi wa ɓera allurarsa sau da yawa cikin 'yan makonni, har jinin ɓeran ya fara yaƙar furotin ɗin.

Sai a ciro saifar ɓeran, a tattaro ƙwayoyin da ke ƙera antibodi. Su kaɗai ba sa daɗewa a wajen jiki, shi ya sa ake haɗe su da ƙwayoyin sankarar ɓargo, masu hayayyafa ba iyaka. Waɗanda ba su haɗu ba sai su mutu a ruwan reno.

Daga nan a rarraba su a faranti mai ramuka 96, a bi rami-rami ana gwadawa. Nan haƙuri yake, domin ƙwaya ɗaya tak ake nema wadda antibodinta ba ya kama komai sai DCX. Ita za a raina, a tace antibodinta a ɗura a 'yar kwalba.

Ranar aiki, a yanko naman ƙwaƙwalwa siriri fiye da takarda, a ɗiga masa antibodin ya kwana a firji. Da safe a wanke, a ƙara antibodi na biyu mai ɗauke da rini. A ƙarƙashin madubin likita, duk ƙwayar da ke da DCX sai ta yi haske.

Abin da nake roƙon ma'aikatan ɗakunan gwajinmu shi ne sanyi. A Kano zafin Afrilu kan haura digiri 40, kuma wuta ba ta da tabbas, alhali kwalbar digiri 4 take so ko ƙasa da haka. Wahalar watanni tana iya lalacewa a firjin da ya mutu. Kafin a yi odar kwalbar, a fara tanadin sola ko janareto.