Unguwa mai launi

Riyo de Janero babban birni ne a ƙasar Barazil, a bakin teku. A jikin duwatsun da suka kewaye birnin, talakawa sun gina gidajensu da hannunsu, wani bisa wani. Irin waɗannan unguwanni ana ce musu "fabela". Ɗaya daga cikinsu sunanta Santa Marta.

Mutanen gari suna yi wa ƴan fabela kallon raini. Da an ambaci unguwar, sai a tuna da talauci da tashin hankali. Saurayi yakan je neman aiki, a tambaye shi inda yake zaune, ya ji kunyar faɗin sunan unguwarsu.

A shekarar 2010 wasu masu zane biyu ƴan ƙasar Holan, Jeroen Koolhaas da Dre Urhahn, suka zo Santa Marta. Suka tsara zane guda babba, wanda zai rufe gidaje 34 da ke kewaye da wani dandali. Amma ba su ne kaɗai suka yi shafen ba. An ɗauki mutanen unguwar 25, aka koya musu gyaran bango, da haɗa fenti, da yin aiki a sama ba tare da haɗari ba. Kuma aka biya su ladan aikinsu.

Kowa ya kama nasa bango. Wannan ya shafa ja, wancan ya shafa rawaya, wani shuɗi, wani tsanwa. Launukan suka tashi daga gida zuwa gida kamar tsirkiyar rana. Faɗin abin da aka shafe ya kai wajen murabba'in mita 7000.

Fenti bai kori talauci daga Santa Marta ba. Amma hotunan dandalin sun zagaya duniya, baƙi suka riƙa zuwa kallo. Waɗanda suka yi aikin sun samu sana'a. Aikin kuma ya koya musu haƙuri, don bangon da ya ɓaci ana sake shafa shi har ya yi kyau. Wanda ya ga abin da hannunsa ya iya, ba ya raina kansa, ba ya kuma jin kunyar asalinsa.

Ma'anar kalmomi
Dandali: filin da jama'a suke taruwa a tsakiyar unguwa.
Tsirkiya: hasken rana da ke fitowa siri-siri.
Raini: ƙin ganin darajar mutum.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Santa Marta take?
2. Don me saurayin yake ɓoye sunan unguwarsu?
3. Su wane ne suka shafe gidajen?
4. Mene ne fenti ya canja, mene ne bai canja ba?

Aiki
Magina sun yi wa ƙofofin gidajen Birni na Zinder ado mai launi. Ku zana ƙofar gidanku, ku yi mata ado. Ku haɗa shuɗi da rawaya, ku faɗi launin da ya fito.