Allurar insulin ba ta hana tseren keke

Wani matashi daga Falgore ta ƙaramar hukumar Rogo ya aiko da tambaya. Ya ce yakan taka keke daga garinsu zuwa Rogo, wani lokacin har Karaye, kuma burinsa ya shiga gasar tsere. Bara aka gano yana da ciwon suga nau'i na ɗaya, aka ɗora shi kan allurar insulin. Yanzu mahaifiyarsa ta ce a jingine keken, kawunsa kuma ya kawo sassaƙe ya ce a bar allura. "Likita, ni da keke mun rabu ke nan?"

Ɗana, ba ku rabu ba. Akwai ƙungiyar ƙwararrun masu tseren keke mai suna Team Novo Nordisk, duk mahayanta masu irin ciwonka ne. Wani Ba'amurke, Phil Southerland, shi da abokinsa suka kafa tushenta a 2005, kuma shi tun yana jariri ɗan wata bakwai yake kan insulin.

Maganar kawu ita ce ta gaggawa. A wannan nau'in, garkuwar jiki ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, ba shan zaƙi ya jawo ba, kuma babu saiwa ko sassaƙen da zai farfaɗo da su. Kafin a fara yi wa mutane allurar a Kanada a 1922, yaran da suka kamu ba sa daɗewa. Wanda ya bar ta kwanaki kaɗan ma na iya faɗawa doguwar suma. Ka gode wa kawu bisa kulawarsa, amma kada ka tsallake allura ko sau ɗaya.

Damuwar Inna kuwa tana da tushe, sai dai hatsarin ba inda mutane ke zato yake ba. Kowa hawan suga yake tsoro, alhali a kan keke faɗuwarsa ce ke kayar da mutum. Idan ƙafa tana aiki, tsoka tana zuƙe suga daga jini da sauri. Jikin mai lafiya yakan rage insulin da kansa a lokacin. Naka ya riga ya shiga ta allura, ba ya komawa, sai shi da keken su haɗu su kwashe sugan. Alamomin su ne karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa, bugun zuciya, gani dishi-dishi da ruɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne duk suna kama da gajiya, kuma mai son tsere ya saba cije wa gajiya. Wannan ba a cije mata.

Don haka awon suga ya zama farilla kafin ka hau. Tsakanin 126 da 180 shi ne daidai ga tafiya mai nisa. Ƙasa da 90, ci wani abu ka jira ya hau. Sama da 270, musamman in da tashin zuciya ko ciwon ciki, ajiye keken, ka gwada fitsari ko akwai sinadarin kiton, ka nemi asibiti. In na'urarka ƙananan lambobi take nunawa, raba waɗannan da 18. A hanya ka tsaya ka auna duk bayan rabin awa zuwa awa ɗaya, har ka san halin jikinka. Na san tsinken awo ya yi tsada, amma da ka taka kullum a makance gara ka rage ranakun atisaye ka auna yadda ya kamata.

Tafiyar da ta wuce awa ɗaya tana son abinci mai ɗauke da giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa: dabino, ayaba, guntun gurasa, tare da ruwa mai yawa. Idan suga ya sauka ƙasa da 70, sauka daga keken, ka sha sukari ƙwaya uku ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ka jira minti 15 ka sake aunawa. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa ba sa ceto a nan, maiƙonsu yana jinkirta su. Kada ka yi allura a cinya kafin ka hau, domin motsin ƙafa yana sa ta shiga jini da gaggawa. Yi a ciki.

Kada ka bi hanyar daji kai kaɗai. Mutanenmu in sun ga matashi ya faɗi yana sambatu, sai a ce iska ce ko maye, a tsaya tofi lokaci na tafiya. Abokin tafiyarka ya san cewa in kana iya haɗiya, sukari zai ba ka. In ka suma, kada a ɗura maka komai. A kwantar da kai ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa a ce mai allurar insulin ne. Rubuta wannan a kati ka rataya a wuya.

Akwai kuma faɗuwar dare. Bayan doguwar tafiya tsoka tana ci gaba da jan suga har kusan awa 24, sai ya faɗi kana barci. Auna kafin ka kwanta, ci wani abu, ka ajiye sukari a gefen shimfiɗa, kuma wani a gidan ya san da zancen.

Zafin bazara yana kashe ƙarfin insulin, wuta kuma ba abin dogaro ba ce. In babu firji, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta a 2000, tana taimakawa. Kada ka bar kwalbar a jakar keke cikin rana.

Rage yawan allura ranar atisaye abu ne da ake yi, amma ba da ka ba. Wanda ke kan gaurayen insulin na safe da yamma ba shi da sassaucin mai allura kafin kowane abinci. Rubuta awonka, abin da ka ci da nisan da ka taka, ka kai wa likitan suga a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ku tsara tare. Ka yi masa maganar azumi tun kafin watan ya kama, domin masu nau'i na ɗaya suna cikin waɗanda azumi ke yi wa hatsari, balle a haɗa da keke.

In Allah ya kai ka gasar ƙasa, ka sani insulin yana cikin jerin magungunan da aka hana 'yan wasa amfani da su sai da izini. Nemi takardar shaida daga likitanka, ka miƙa wa hukumar wasannin tun kafin ranar tsere.