Darasi na 18: Ctrl, maɓalli mai rage wahala

Yara, ku dubi kilabiye. Can ƙasa, a kusurwar hagu, akwai maɓalli mai haruffa huɗu: Ctrl. Shi kaɗai ba ya yin komi. Amma in kun danne shi da ƙaramin yatsa, kuka taɓa wani harafi, sai aiki ya gudana nan take, ba sai kun kama ɓera kuna lalube ba.

1. Adana aiki

Wata rana da marece ina buga jarrabawar ƴan aji shida cikin Word. Na kai shafi na uku, sai kuran ya ɗauke. Da ya dawo, na tarar rabin aikina ya tafi. Daren nan ban kwanta da wuri ba.

Mi ya sa haka? Abin da kuke bugawa yana zaune cikin ƙwaƙwalwar ordinater ta wucin gadi. Da kuran ya yanke, sai ta mance. Ctrl da S su ke kwashe rubutu su kai shi ma'ajiya. Manomi ba ya barin dammansa a gona, rumbu yake kai su. Ku ba aikinku suna tun layin farko. Duk sakin layin da kuka gama, ku danna Ctrl da S.

2. Gyaran rubutu

Ctrl da Z: mai da abin da kuka ɓata yanzu-yanzu.
Ctrl da C: kwafar abin da kuka zaɓa.
Ctrl da X: yanke shi daga wurinsa.
Ctrl da V: liƙa shi a sabon wuri.
Ctrl da A: zaɓen rubutu gaba ɗaya.

In kun share layi bisa kuskure, kada ku firgita. Ku ɗauke hannu tukuna, sannan ku danna Ctrl da Z.

3. Haruffa masu ƙugiya

Kilabiyen Faransanci ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Amma barin su kuskure ne babba: kafa daban, ƙafa daban. Ga dabara. Duk inda ƙ ya kamata, ku buga k da tauraro, haka: k*. In kun gama, ku nemo ƙ guda ɗaya cikin Insertion, wajen Symbole, ku kwafe shi. Ku danna Ctrl da H. A gidan sama ku sa k*, a gidan ƙasa ku liƙa ƙ, ku zaɓi Remplacer tout. Duka za su gyaru lokaci guda. Haka za ku yi wa sauran ukun.

In kun ga jan zane ƙarƙashin kalmomin Hausa, kada ku damu. Injin yana auna su da ƙamus na Faransanci ne.

4. Bincike cikin intanet

Nabigater shi ne ƙofar shiga intanet. Firefox ya fito a 2004, Chrome a 2008. Maɓallan nan suna aiki cikin su biyun:

Ctrl da T: buɗe sabon shafi ba tare da rufe na farko ba.
Ctrl da Maj da T: maido shafin da kuka rufe.
Ctrl da F: neman kalma cikin dogon rubutu.
Ctrl da D: adana adireshin shafi don gobe.
Ctrl da +: ƙara girman haruffa.

Misali, kun buɗe dogon bayani bisa tarihin Damagaram, kuna neman Sarki Tanimun. Ku danna Ctrl da F, ku buga sunansa. Duk inda yake zai fito da launi. A siber, inda ake biyan kuɗi bisa lokaci, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ku yi hattara: in ordinater ba naku ba ne, ya tambaye ku ko ya riƙe kalmarku ta asiri, ku ce a'a. Kafin ku tashi, ku fita daga akwatinku.

Mu riƙe

Mai adana aikinsa ba ya kuka da kuran.

Sabbin kalmomi

maɓalli: touche
ɓera: souris
kwafa: copier
liƙa: coller
kalmar asiri: mot de passe

Tambayoyi

1. Don mi rubutu ke ɓacewa in kuran ya ɗauke?
2. Wane harafi ake haɗawa da Ctrl don mai da kuskure?
3. Mi ya bambanta kafa da ƙafa?

Aiki

Ku zauna biyu-biyu. Ku buga jimloli biyar bisa kasuwar garinku, kowace da harafi mai ƙugiya. Ku gyara su da Ctrl da H, ku adana, ku nuna wa malam.